SageMath a kan lissafin ruftawar ɓawo mai juyi: abin da take iyawa da inda take tuntuɓe

Ɗalibin fizik a Jami'ar Bayero da ya zaɓi bincike a kan yadda abu mai juyi ke ruftawa ya zama baƙin rami, wato wurin da ko haske ba ya iya kuɓuta daga jan nauyinsa, shi da malamin da ke duba aikinsa ba sa daɗewa kafin su iso ga tambayar da ke cin lokaci: da wace manhaja za a yi lissafin? Ra'ayinmu kai-tsaye shi ne SageMath, tare da sashenta na lissafin sarari mai lanƙwasa da ake kira SageManifolds. Kyauta ce, ba ta neman intanet bayan an girka ta, kuma kwamfutar cinya ta hannu ta biyu irin wadda ake saye a Farm Centre ko titin Beirut tana ɗaukar ta. William Stein ne ya fara SageMath a 2005, Éric Gourgoulhon da Michał Bejger suka fara SageManifolds a 2013, kuma tun sigar 7.5 ta farkon 2017 aka haɗe su wuri guda. Amma yabon yana da iyaka. Manhajar tana fitar da lissafi daidai, sai dai ba ta san fizik ba, kuma a wannan fanni kuskuren alama ɗaya tak yana iya sa mutum ya ɗauka ya karya hasashen sutura na Penrose, wanda ya gagari manya fiye da shekara 50.

Tambayar da ake bi tsohuwa ce. A 1939 Oppenheimer da Snyder sun nuna cewa dunƙulen ƙura marar matsi kuma marar juyi yana ruftawa har ya shige bayan wata iyaka da ko haske ba ya iya fitowa daga cikinta. A can ciki akwai makura, wurin da lanƙwasar sarari da lokaci ke hauhawa ba iyaka, lissafin Einstein ya tsaya cik. A 1969 Roger Penrose ya yi hasashen cewa makurar da ruftawa ta haifar, muddin yanayin farko na yau da kullum ne kuma abin da ya rufta abu ne na ƙwarai, kullum a lulluɓe take zuwa, ba a barin ta tsirara mai kallo daga nesa ya gan ta. Wannan shi ne hasashen sutura, kuma har yau ba a tabbatar da shi gaba ɗaya ba. Juyi ne ke ƙara wa zancen gishiri. A maganin da Roy Kerr ya samo a 1963, idan aka ɗauki lambar jan nauyi G da saurin haske c a matsayin 1, rami yana da nauyi M da ma'aunin juyi a, wato yawan juyi J a raba da M, iyakarsa kuma tana r = M + √(M² − a²). Da zarar a ta haura M, babu iyaka, makura ta fito fili. Ga Duniyar da muke kai, a ta ninka M fiye da sau 700, kuma wannan bai karya komai ba domin Duniya ba ta rufta ba. Abin da ake son gani shi ne: idan abu mai juyi da yawa ya fara ruftawa, zai kai har makura ne, ko juyin zai tokare shi ya dawo da baya?

Hanya mafi arha ta gwada wannan ita ce siririn ɓawo. A tara abin duka a kan fatar ƙwallo marar kauri, ciki ya zama sarari ɗaya da aka san maganinsa, waje ya zama wani. Sharuɗɗan haɗa su, waɗanda Werner Israel ya tsara a 1966 a kan aikin Georges Darmois, guda biyu ne, kamar tela mai haɗa ƙyalle biyu: dole bakin ƙyallen nan ya yi tsawo ɗaya da bakin wancan, sannan duk wani tudu da ya fito a kan ɗinkin, zare ne ke riƙe da shi. A lissafi, ma'aunin tazara a kan ɓawon dole ya zo ɗaya daga ciki da waje, bambancin lanƙwasar waje K tsakanin ɓangarorin biyu kuma shi ne ke ba da makamashi da matsin ɓawon: S_ab = −([K_ab] − h_ab[K])/8π, inda h ke nufin ma'aunin tazara a kan ɓawon, [ ] kuma bambancin waje da ciki. Aikin manhaja kenan, ta fitar da K a kowane ɓangare ba tare da an cika takarda goma da alamomin Christoffel, matakan tsakiya na lissafin lanƙwasa, ba.

Girkawa ita ce cikas na farko, kuma ba ƙarami ba ne. Yawancin kwamfutocin da ke hannun ɗalibanmu Windows ne a kansu, kuma an daina fitar da sigar da ake girka wa Windows kai-tsaye tun bayan 9.3. Sai an kunna WSL, sashen da ke ba Linux damar aiki a cikin Windows, an sa Ubuntu a ciki, sannan a sauke Miniforge a rubuta `conda create -n sage sage`. Wanda ke da Ubuntu 22.04 zai iya samun ta da `apt`, sai dai tsohuwar siga ce, 9.5, ko da yake ta isa duk abin da za mu ambata a nan. A tanadi wurin giga 10 a faifai da data mai yalwa, a yi saukewar a inda layi ke da ƙarfi, in so samu ne da daddare. RAM giga 8 shi ne abin da muke ba da shawara. A lura cewa WSL tana ba Ubuntu rabin RAM ɗin kwamfutar ne kawai idan ba a gyara fayil ɗin `.wslconfig` ba, don haka mai giga 8 yana aiki ne da 4 bai sani ba, sai lissafi ya mutu a tsakiya ya rasa dalili. Bayan haka `sage -n jupyter` ta buɗe littafin aiki a burauza.

Kada a fara da ɓawo. A fara da Kerr, a matsayin gwajin lafiyar manhajar. A ƙirƙiri sarari da `Manifold(4, 'M', structure='Lorentzian')`, a ba shi t, r, θ, φ, a shigar da ma'aunin tazarar, a kira `g.ricci()`. Dole kowane ɓangare na wannan lanƙwasar Ricci ya fito sifili, domin Kerr maganin sarari ne marar komai a ciki. Idan bai fito ba, abu uku ne suka fi jawo haka. Na farko, an rubuta lamba da ɗigo, kamar 0.5 a maimakon 1/2, sai manhajar ta koma kintace, ta bar ɓurɓushin da ba ya gogewa. Na biyu, ba a gaya mata r da M sun fi sifili ba, sai ta mayar da √(r²) zuwa `abs(r)` ta yi ta jan sa har ƙarshe. Maganinsa `assume` da kuma rubuta iyakar r tun wajen ƙirƙirar taswira. Na uku, an kwashe rubutun an sa a fayil ɗin Python zalla, inda alamar `^` ba ta nufin ɗagawa zuwa ƙarfi kamar yadda take nufi a Sage.

A nan ne kuma za a fara ganin babban aibinta, wato nawa. SageManifolds tana sauƙaƙa kowane jimla a kowane mataki, ta hanyar manhajar Maxima da ke cikin Sage, ko da ba a nema ba. A kan Schwarzschild, wato rami marar juyi, ba a ji. A kan Kerr, cikakken Riemann da ma'aunin Kretschmann, masu auna lanƙwasar sarari, suna cin mintuna, wani lokaci masu yawa. Dabarar da ta fi kowacce amfani ita ce a kori sin da cos gaba ɗaya: a ɗauki x = cos θ a matsayin ma'aunin wuri, sai ma'aunin tazarar ya koma rabe-raben lissafi zalla, sauƙaƙawar ta yi sauri ƙwarai. Bayan wannan akwai `set_simplify_function` don a ba ta sauƙaƙawa marar nauyi, da `Parallelism().set(nproc=4)` don raba aikin. Ta ƙarshen tana ninka cin RAM, kuma a zafin Afrilu na Kano, idan ƙurar hunturu ta toshe fankar kwamfuta, injin yakan rage gudu da kansa don kada ya ƙone, ribar ta tafi. A kai kwamfutar a hure mata fanka kafin a ɗora mata wannan kaya. Don tabbatar da sakamako, a sa a = 0 a cikin Kretschmann, dole ya koma 48M²/r⁶.

Gwaji na biyu shi ne ɓawon ƙura marar juyi, ciki fili marar lanƙwasa, waje Schwarzschild. SageManifolds tana da hanyar da aka gina mata ta ƙaramin sarari a cikin babba, da `induced_metric` da `extrinsic_curvature`, kuma tana aiki lafiya a kan ɓawon da ke tsaye wuri ɗaya. A can, ga ɓawo a r = R, za a samu yawan makamashi a kan fatarsa, σ = (1 − √(1 − 2M/R))/4πR, kuma matsin ba ya haura σ sai idan R ta gaza 25M/12, lambar da kowa zai iya tabbatarwa da biro. Amma ga ɓawo mai motsi, inda R da lokacin waje T suka dogara da agogon ɓawon τ, ba ma ba da shawarar a dogara da ita. Idan f = 1 − 2M/R, ɗigon sama kuma na nufin sauyi bisa τ, manhajar ba ta san cewa fṪ² − Ṙ²/f = 1 ba, don haka za ta zubo jimla mai tsawon shafi wanda a gaskiya layi ɗaya ne. Gara a gina kibiyar tsaye, wato wadda ke fita kai-tsaye daga fatar ɓawon, da hannu, n = (−Ṙ, Ṫ, 0, 0), a ɗauki Ṙ da R̈ a matsayin alamomi kawai, a nemi manhajar ta ba da alamomin Christoffel, a haɗa K da kai. Sakamakon da ake jira shi ne na Israel: M = m√(1 + Ṙ²) − m²/2R, inda m ke nufin nauyin ƙurar ita kaɗai.

Wannan ɗan lissafi ya kamata a zauna a kansa, domin duk tarkon da ke jiran mutum a ɓawo mai juyi yana nan a ƙaramin siffa. A ɗauki m = 1, M = 0.9. Ɓawon zai tsaya cak a R = 5, ya juyo, ya ƙetare iyaka a R = 1.8. Idan aka ba manhajar Ṙ = −√(…) ta warware daga R = 5, ba za ta motsa ba, domin a wurin saurin sifili ne kuma lissafin yana yarda da zama wuri ɗaya har abada. A rubuta shi a siffar Ṙ² + V = 0, a ɗauki R̈ = −V′/2, a ba `desolve_odeint`; ta haka ne ake wuce wuraren juyowa lafiya, kuma ta haka ne za a ga dawowar ɓawo idan juyi ya tokare shi. Sannan a daina bin lokacin t na mai kallo daga nesa, domin Ṫ tana tashi ba iyaka a bakin rami, manhajar ta yi ta ƙorafin raba lamba da sifili, alhali ɓawon kansa bai ji komai ba. A bi τ, ko a koma ma'aunan Eddington da Finkelstein masu shiga.

Sai zancen alama, wanda shi ne ya fi haɗari. Don a samu V, dole a ninka lissafin da kansa har sau biyu a kori alamomin tushe, kuma duk ninkawa tana haɗiye alamar ƙari ko ragi. Lissafin da ya fito yana karɓar ɓawo mai nauyi na gaskiya, yana kuma karɓar ɓawo mai nauyin da ya gaza sifili, ba tare da ya bambanta su ba. A misalin da ke sama, tushen waje, wato fṪ, daidai yake da M/m − m/2R, kuma yana sauya alama a R = m²/2M, wato wurin 0.56, can cikin rami. Manhajar kullum tushe mai alamar ƙari take ɗauka. Haka nan kibiyar tsaye dole ta nuna daga ciki zuwa waje a ɓangarorin biyu. Idan aka bar wa manhaja zaɓi, tsarin jera ma'aunai ne zai yanke mata, ba fizik ba. Duk wanda ya ga ɓawonsa ya kai makura babu iyaka, abin da ya kamata ya fara yi, kafin ya nufi ofishin malaminsa, shi ne ya mayar da maganin cikin lissafin asali da ba a ninka ba, ya duba alamar σ a kowane R.

To, juyi. A sarari mai fuska huɗu irin namu, uku na wuri da ɗaya na lokaci, ba a iya yin abin daidai-wa-daida, kuma wannan ba laifin manhaja ba ne. Ɓawo mai juyi ba ya zama ƙwallo, yana faɗaɗa a ƙugu, yana fitar da igiyoyin jan nauyi yayin ruftawa, saboda haka wajensa ba Kerr ba ne sai bayan komai ya lafa. Abin da ake iya yi shi ne juyi a hankali, a tsaya a mataki na farko, inda sarari a waje ke jan abubuwa da saurin 2J/r³. Brill da Cohen sun nuna a 1966 cewa idan ɓawo ya kusanci iyakarsa, sararin ciki yana juyawa tare da shi ɗungurungum, Lindblom da Brill kuma suka bi ɓawo mai ruftawa a 1974. SageMath tana yin wannan cikin sauƙi, amma mataki na farko ba ya cewa komai a kan sutura, domin tambayar tana can inda a ta kusa M.

Mafita biyu ce, kuma a nan ne manhajar ta cancanci wahalar girka ta. Ta farko ita ce sauka zuwa fuska uku, ramin BTZ na 1992, wato na Bañados, Teitelboim da Zanelli, inda babu igiyoyin jan nauyi ko kaɗan, don haka waje BTZ ne daidai a kowane lokaci. A nan N² = −M + r²/l² + J²/4r², inda l ke nufin tsawon lanƙwasar sararin, iyaka tana inda N² ta zama sifili, kuma tana nan muddin J bai haura Ml ba. Don gwaji, l = 1, M = 1, J = 3/5 suna ba da iyakar waje a r² = 0.9, ta ciki a r² = 0.1. Lissafin mai sauƙi ne, ko kwamfuta mai RAM giga 4 tana gama shi nan take. Kuskuren da aka fi yi shi ne manta cewa sarari yana jan kusurwa da sauri daban a ciki da waje. Dole a sauya φ a kowane ɓangare zuwa kusurwar da ke juyawa tare da sarari a wurin ɓawon. In ba haka ba ma'aunin tazarar zai fito da ɓangaren τφ da bai yi daidai ba, sharaɗin farko ya faɗi. Mann, Oh da Park sun bi wannan a 2009, suka samu cewa juyi yana hana ɓawon ƙura kai wa makura, amma ɓawo mai matsi yana iya ruftawa ya bar ta tsirara. Ɗalibin digiri na biyu zai iya maimaita wannan a zango ɗaya, kuma muna ganin babu motsa jiki da ya fi shi.

Ta biyu ita ce hawa zuwa fuska biyar, ramin Myers da Perry na 1986 idan juyinsa biyu suka zo daidai. A wannan hali komai ya dogara da r kaɗai, kamar Schwarzschild, duk da cewa ramin yana juyi sosai. Delsate, Rocha da Santarelli ne suka yi amfani da wannan a 2014. Iyaka tana inda r⁴ − 2Mr² + 2Ma² = 0, wato tana nan muddin M bai gaza 2a² ba. Sharaɗin farko na Israel yana tilasta Ma² ta zo ɗaya a ciki da waje, kuma daga wannan layi ɗaya abu biyu ke fitowa. Ciki ba zai zama fili ba, dole akwai abu mai juyi tun farko. Sannan idan cikin rami ne mai iyaka kuma ɓawon ya ƙara nauyi, to M ta waje ta fi girma, a ta waje ta fi ƙanƙanta, iyaka ba ta da hanyar ɓacewa. A nan RAM giga 8 ke zama tilas, kuma dabarar x = cos θ ke zama wajibi.

Abin da manhajar ba za ta tuna maka ba shi ne sharaɗin makamashi, wato gwajin ko abin da ke kan ɓawon abu ne na ƙwarai. Ɓawo mai juyi ba shi da matsi ɗaya ta kowace fuska, kuma yana da kwararar makamashi q a kan hanyar juyin. Don haka duba σ da matsi p kaɗai bai isa ba. Sai an warware S zuwa ainihin ƙimominta, kuma idan (σ + p)² ta gaza 4q², ƙimomin ba lambobin gaske ba ne, sharaɗin ya riga ya faɗi, abin da ke kan ɓawon ba abu ne da ake samu ba. Makura tsirara da aka samu da irin wannan abu ba ta taɓa hasashen Penrose ba ko kaɗan. A zana wannan bambanci a kan R tun daga inda ɓawon ya taso har inda ya tsaya, ba a wuri ɗaya kawai ba, domin yakan cika a nesa ya faɗi a kusa.

Akwai ayyukan da ba nata ba ne sam. Abin da Choptuik ya gano a 1993 a bakin ƙirƙirar rami, ko ruftawar dogon dunƙule ta Shapiro da Teukolsky a 1991, ko cikakken ɓawo mai juyi a fuska huɗu, duk suna buƙatar a warware lissafin Einstein lamba-lamba a kan raga. Wannan aikin Einstein Toolkit ne da makamantanta, ita ma kyauta ce, amma babban aiki a kanta yana neman tarin kwamfutoci masu wuta dare da rana. Ta fuskar lissafin alamomi kuwa, xAct ta fi SageManifolds sauri da ƙwarewa wajen sarrafa jimloli ba tare da zaɓen ma'aunai ba, sai dai tana tafiya ne a kan Mathematica, wadda lasisinta kuɗin waje ne. Bayanan koyon SageManifolds da misalanta, har da na Kerr, suna da kyau kuma a tsare suke, amma da Turanci ne, kuma saƙonnin kuskurenta dogaye ne. A fara karanta su daga layin ƙarshe.

Sai batun wuta. Jupyter tana ajiye rubutun da aka yi, ba ta ajiye abin da aka lissafa a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Idan aka ɗauke wuta batir ya mutu, Riemann na fuska biyar da aka jira ya tafi, sai a sake daga farko. Da zarar ɓangarorin K sun fito, a ajiye kowanne da `save`, a buɗe sabon littafin aiki don V da zane-zane, a ɗauko su da `load`. Wanda kwamfutarsa ba ta wuce giga 4 ba kuma ba shi da halin ƙarawa, ya girka Maxima ita kaɗai da sashenta na `ctensor`, ta ishe shi ɓawon ƙura da BTZ, ya bar fuska biyar sai ranar da ya samu aron injin da ya fi nasa.